Alaƙa da Dalla: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

Assalamu alaikum. Ƙanina na unguwar Jarwal a Makka da ke shirin zama Tahsili, jarrabawar shiga jami'a ta Saudiyya, kai ne ka kawo tambaya cewa malaminku ya ce y = x² dalla ce, amma x = y² alaƙa ce kawai, alhali kai a idonka zane ɗaya ne, an dai kwantar da shi ne a gefe. Ka nemi sanin bambancin, ka kuma tambaya ko abin ya kai a ba shi lokaci tunda injiniya kake son karanta. Ya kai, har ya wuce yadda kake zato. 'Yan'uwa da suka yi sakandare a Najeriya sun san dalla da sunan fankshin, amma ni zan yi amfani da sunayen da ke cikin littattafan makarantun nan Saudiyya, don su za ka tarar a takardar jarrabawa.

Alaƙa ita ce babbar rumfa. Idan kana da rukuni biyu, ka ɗauko wani daga na farko ka haɗa shi da wani daga na biyu, duk yadda ka ga damar haɗawa, ka yi alaƙa. Ba ta da sharaɗi. Ɗaya zai iya haɗuwa da biyar, wani kuma a bar shi ba kowa. Dalla kuwa alaƙa ce da aka ɗora wa sharaɗi: kowane ɗan rukunin farko dole ya sami abokin haɗi, kuma guda ɗaya tak. Ke nan kowace dalla alaƙa ce, amma alaƙoƙi da yawa ba su kai matsayin dalla ba.

Ka duba gidanku. Idan aka ce a haɗa kowane yaro da mahaifiyarsa, an yi dalla, domin babu yaron da ba shi da uwar da ta haife shi, babu kuma mai biyu. Yara shida su taru a kan uwa ɗaya bai ɓata komai ba. Amma a juya a ce a haɗa kowace mace ta gidan da ɗanta, nan take sharaɗin ya karye: mai 'ya'ya shida tana da amsa shida, amaryar da ba ta haihu ba tukuna ba ta da ko ɗaya. Mutanen ba su canza ba, zumuncin bai canza ba, wajen da ka fara tambaya ne ya canza.

Abin da ya faru da zanenka ke nan. A y = x², ka sa 3 ka sami 9, ka sa −3 ka sami 9. Biyu sun taru a kan amsa ɗaya, kuma an yarda da haka. A x = y² kuwa, ka ba x daraja 9, sai y ta ce ko 3 ko −3. Tambaya ɗaya, amsa biyu. Ka yi gaskiya da ka ce siffar zanen ɗaya ce, sai dai hukuncin ba a kan siffa yake ba, a kan yawan amsar da kowace x ke bayarwa yake. Shi ya sa gwajin layin tsaye yake aiki: ka ja layi daga sama zuwa ƙasa a x = 9, zai yanki kwantaccen zanen a wuri biyu, ya yanki tsayayyen a wuri ɗaya. Ina roƙonka kada ka haddace gwajin nan kamar wata dabara ta daban. Layin tsaye yana wakiltar x guda ɗaya ne, wuraren da ya yanka kuma su ne amsoshinta. Wanda ya gane haka, ko an ba shi jadawali maimakon zane ba zai rikice ba. Misali, (1, 4), (2, 4), (3, 7) dalla ce duk da 4 ta maimaitu. Amma (1, 4), (1, 5), (3, 7) ba dalla ba ce, don 1 ce ta maimaitu da amsa dabam-dabam. Gefen hagu ake sa wa ido.

Akwai lissafin da nake son ka yi da hannunka don ka ga yadda sharaɗin nan yake da tsauri. Rukunin farko yana da 'ya'ya 3, na biyu yana da 2. Haɗin da zai yiwu 6 ne, kowanne kuma ko ka sa shi ko ka bar shi, don haka alaƙoƙin da za a iya ginawa 2 ne a ninka sau shida, wato 64. Dalla fa? Kowane ɗaya daga cikin ukun zai zaɓi ɗaya cikin biyu, 2 × 2 × 2, wato 8. Cikin 64, takwas ne kawai suka tsallake, 56 suka faɗi.

Wannan ma'anar ba rana ɗaya aka same ta ba. Leibniz ne ya shigo da sunan cikin lissafi a ƙarshen ƙarni na 17, Euler ya kawo rubutun f(x) a 1734, amma an daɗe ana ɗaukar dalla a matsayin wata ƙa'ida da dole a iya rubutawa da haruffa. Ma'anar da kuke karantawa yau, cewa ya isa kowace x ta sami y guda ɗaya ko da babu ƙa'idar rubutawa, galibi ana jingina ta ga Dirichlet da aikinsa na 1837. Na kawo wannan ne don ɗalibai da yawa suna nan a tunanin farko: in ba su ga lissafi da haruffa ba sai su ce babu dalla. Jadawalin zafin Makka na kowace sa'a dalla ne, ko da babu mai iya rubuta masa ƙa'ida.

Yanzu ga inda na fi so ka zauna, majal da mada. Majal shi ne duk abin da aka yarda ka sa a x, mada kuma duk abin da ke fitowa a y. Alaƙa ma tana da su, amma a dalla ne majal yake zama rabin zance, domin sharaɗin ya ce kowane ɗan majal sai ya sami amsa. Ɗauki y = 1/x. Idan ka ce majal dukkan lambobi ne har da sifili, ka karya sharaɗin, don sifili ba ta da amsa. Ka cire sifili, ta zama cikakkiyar dalla. A matakinku abu uku ne ke fitar da lamba daga majal: sifili a ƙasan layin rabawa, lamba ƙasa da sifili a cikin jazar (wato alamar √), da sifili ko ƙasa da ita a cikin logaritim. Gwada da f(x) = √(x − 2) / (x − 5). Jazar ya ce x ta fara daga 2 zuwa sama. Rabawa ta ce ban da 5. Majal ke nan: daga 2 zuwa sama, a tsallake 5. A cikin zaɓi huɗun da za a jera maka, wanda ya manta da 5 da wanda ya fitar da 2 duk za su yi kama da daidai ga mai gaggawa. Biyu tana ciki, don jazar ɗin sifili sifili ne, kuma 0 a raba da −3 ba laifi.

Wani tarko da ke kama har masu ƙoƙari: √9 uku ce, ba 3 da −3 ba. Alamar jazar amsa ɗaya take bayarwa, wadda ba ta ƙasa da sifili. Don haka y = √x dalla ce, ita ce rabin sama na kwantaccen zanenka, alhali y² = x alaƙa ce mai rabi biyu. Haka da'ira take. A x² + y² = 25, ka sa 3 ka sami 4 da −4, ba dalla ba ce. Ka yanke ta gida biyu, y = √(25 − x²) ta zama dalla, majal daga −5 zuwa 5, mada daga 0 zuwa 5.

Daga nan sai juyawa, abin da littafinku ke kira dalla aksiyya. Kowace alaƙa ana iya juya ta, ka musanya x da y shi ke nan, ka sami wata alaƙar. Dalla ma ana juya ta, amma ba tabbas abin da ya fito ya zama dalla. Tambayarka ma kanta a nan take zaune, domin x = y² juyin y = x² ce. Taruwar nan ta 3 da −3 a kan 9, wadda muka ce ba laifi, ita ce ta zama laifi da aka juya. Dallar da juyinta zai tsira ita ce wadda babu x biyu da suka taru a kan y ɗaya, wadda ake kira mutabayina, gwajinta kuma layin kwance. Ma'aunin zafi misali ne mai kyau: F = (9/5)C + 32, inda C take zafi a ma'aunin Salsiyos, F kuma a na Farenhait. Ranar da Makka ta kai 45, a ɗaya ma'aunin 113 ke nan, kuma daga 113 hanya ɗaya ce ta komawa 45. Amma ka jefa dutse sama da tsawo h = 20t − 5t², a daƙiƙa 1 yana kan mita 15, a daƙiƙa 3 ma yana kan mita 15, sau ɗaya yana hawa sau ɗaya yana saukowa. Tsawo dalla ne na lokaci, lokaci ba dalla ne na tsawo ba. Sannan ka kiyaye, f⁻¹, wato alamar juyin f, ba 1 a kan f ba ce. Juyin 2x + 1 shi ne (x − 1)/2.

Haɗa dalla biyu ba shi da wuya, tsari ne kawai abin lura. Da f(x) = 2x + 1 da g(x) = x², f(g(3)) ta ba da 19, g(f(3)) ta ba da 49. Daga ciki ake farawa.

Ka ce ko injiniya yana bukatar wannan. Duba mukayyif ɗin ɗakinku, wato na'urar sanyaya ɗaki. A cikinsa akwai ɗan ma'auni da juriyarsa ga lantarki ke canzawa da zafin ɗaki. Na'urar ba zafi take gani ba, juriya take aunawa, sannan ta koma baya ta gano zafin. Da a ce zafi biyu dabam suna ba da juriya ɗaya, da ba ta san lokacin tsayawa ba. Wanda ya ƙera ta sai da ya tabbatar dallar mutabayina ce a iyakar zafin da za ta yi aiki. Wutar gidajen Saudiyya kuma tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa. Ka faɗi lokaci a gaya maka ƙarfinta, amsa ɗaya. Ka tambayi yaushe take sifili, sau 120 a kowace daƙiƙa. Injiniyan lantarki yini yake yi tsakanin irin waɗannan tambayoyi biyu, kuma dole ya san wacce ce mai amsa ɗaya.

Sai dai ban yarda da masu koyar da alaƙa kamar dallar da ta lalace ba. Da'ira alaƙa ce, kuma da ita ake zana bututu da taya da bakin rijiyar mai. A shekarar farko ta jami'a, ko a Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran, ko Ummul Ƙura a nan Makka, ko ta Sarki Abdul'aziz a Jidda, za a nemi ka fitar da gangaren da'irar nan a wurin (3, 4) ba tare da ka yanke ta ba, amsar kuma −3/4 ce. Alaƙa tana da nata tambayoyin ma da ba a yi wa dalla: shin kowa yana da alaƙar da kansa, shin in ta tafi tana dawowa, shin tana ƙetarawa daga na farko zuwa na uku ta kan na biyu. "Uwarmu ɗaya" ta cika ukun. Alamar ≤ ta cika na farko da na uku, ta faɗi a na biyu, don 2 ≤ 5 amma 5 ba ta ƙasa da 2. Masu shirin JEE, jarrabawar shiga karatun injiniya ta Indiya, sai sun zauna a kan wannan sosai, yana cikin manhajarsu. Kai mai Tahsili, ka san shi, amma ƙarfinka ya tafi ga majal, mada, juyi da haɗawa.

A game da shiri, darasin alaƙa da dalla kun yi shi a aji biyu na sanawiyya, wato babbar sakandare, ya sake dawowa da zurfi a aji uku. Koma na aji biyun ka fara, ko da kana ganin ka wuce shi. Jarrabawar Tahsili, wadda cibiyar Ƙiyas ke shiryawa, zaɓi ce kuma ba a shiga da kalkuleta, don haka ka saba da zana siffofin nan da hannu cikin sauri: layi, x², x³, √x, |x| da 1/x. Duk wadda ka zana, rubuta majal da madarta a gefe, ka ja mata layin tsaye da na kwance. Lissafi kashi ɗaya ne cikin huɗu na darussan Tahsili, tare da fiziya, kimiya da ahya (ilimin halittu), amma dalla tana biyo ka cikin fiziya ma, duk zanen gudu da lokaci ita ce.

Ga biyar ka gwada yau da dare: y = |x|, sai |y| = x, sai y = 7, sai x = 7, sai (1, 2), (2, 2), (3, 2). Ka faɗi wacce ce dalla. Wadda ka ce ba dalla ba ce, ka kawo x guda ɗaya da ta ba da amsa fiye da ɗaya. Wadda ka ce dalla ce, ka faɗi ko juyinta zai tsira. Turo amsarka tare da dalilin kowacce, in sha Allahu zan duba. Allah Ya ba da sa'a.