WizTree: manhajar da ke tona asirin abin da ya cinye ɓangaren C

Idan layin da File Explorer ke nunawa a ƙarƙashin ɓangaren C, wato sashen faifan kwamfuta da Windows ke zaune a ciki, ya rikiɗe ya koma ja, wurin da ya rage a ciki bai kai kashi 10 cikin 100 ba ke nan. Daga nan Windows za ta fara ƙin sabuntawa, manhajoji kuma su riƙa jan ƙafa. Abin da ya fi ɗaure wa mai kwamfuta kai shi ne ya leƙa Documents da Downloads da Videos, ya haɗa lissafi bai kai GB 20 ba, alhali GB 100 ta cika maƙil. Kaso mai yawa na ragowar yana can cikin fayilolin da File Explorer ke ɓoyewa, kuma don zaƙulo su ne aka yi WizTree.

Kamfanin Antibody Software ne ya yi ta. Kyauta ce ga mai amfani da ita a gida, amma ofis ko wurin kasuwanci sai da lasisi. 'Yar ƙarama ce, 'yan megabayit kaɗan, kuma akwai samfurin da ake ɗora wa filasha a kunna ba tare da an girka ba. Wannan samfurin ya fi dacewa da kwamfutar da ta riga ta shaƙe.

Saurinta ne ya sa ta yi wa takwarorinta fintinkau. Maimakon ta bi folda-folda tana ƙirga, sai ta karanta MFT kai tsaye, wato kundin da NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows, ke rubuta suna da girman kowane fayil a ciki. Cikin daƙiƙoƙi ta gama da faifan da tsohuwar takwararta WinDirStat kan ɗauki mintuna tana lalube. Sharaɗi ɗaya ne: a buɗe ta da Run as administrator. In ba haka ba, za ta koma bin folda ɗaya bayan ɗaya, kuma wasu wuraren ba za ta samu shiga ba. Haka ma filasha ko katin waya mai tsarin FAT32 ko exFAT, babu MFT a kansu, don haka saurin ba zai bayyana ba.

Da ta gama, za ta jera folda daga mafi girma zuwa ƙarami, a ƙasa kuma ta zana taswirar akwatuna masu launi, girman kowane akwati daidai da girman fayilinsa. A lura da ginshiƙai biyu, Size da Allocated. Na biyun ne ke faɗin ainihin wurin da fayil ya mamaye. Bidiyon da ke kan OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, wanda ba a sauko da shi ba, yana iya nuna GB 2 a Size, amma sifili a Allocated; share shi ba zai ƙara maka komai ba, sai dai ka yi asararsa a can ma.

A nan ne raunin WizTree yake, kuma ba ƙarami ba ne. Tana nuna maka ƙaton fayil, tana kuma ba ka damar share shi da dannawa biyu, amma ba ta gaya maka ko Windows na dogara da shi. Wanda bai san kan kwamfuta ba yana iya yi wa kansa ɓarna cikin minti ɗaya. Saboda haka a yi amfani da ita wajen gani, sharewar kuma a bar wa kayan aikin Windows.

Ɗauki hiberfil.sys, wanda kusan kullum yana cikin manyan akwatunan. Girmansa kan kai kusan kashi 40 cikin 100 na RAM, wato wajen GB 6 a kwamfuta mai RAM GB 16. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta powercfg /h off, nan take zai ɓace. Sai dai ka yi tunani tukuna: shi ne ke adana aikinka idan batir ya kusa ƙarewa. Ga mai laftof ɗin da batirinta ya gaji, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama, GB 6 ɗin nan ta biya kuɗinta. Maƙwabcinsa pagefile.sys kuwa, wanda Windows ke amfani da shi a matsayin ƙarin RAM, a bar shi kawai.

Windows.old, wato kwafin tsohuwar Windows, yana bayyana bayan babban sabuntawa, kuma yakan haura GB 10. Windows kan share shi da kanta bayan kwana 10. In ba za ka iya jira ba, buɗe Disk Cleanup, danna Clean up system files, ka zaɓi Previous Windows installation. Bayan haka babu komawa tsohon tsarin.

Folda biyu ne bai kamata hannu ya taɓa su ba komai girmansu: WinSxS da Installer, duka a cikin C:\Windows. Ta farko ana rage ta ne da umarnin Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup. Ta biyu in aka kwashe ta, wasu manhajojin ba za su ƙara sabuntuwa ko ciruwa ba. System Volume Information kuma wurin ajiyar madogaran maido da tsari ne, wato restore points da ake mayar da Windows baya da su in ta samu matsala. Ana ƙayyade masa iyaka a System Protection, ƙarƙashin Configure.

Sau da yawa dai ɓarawon yana cikin AppData, foldar da take ɓoye a ƙarƙashin sunan mai kwamfuta. Nan ne manhajojin tace bidiyo irin su CapCut ke jibge tarkacen aikinsu, nan ne iTunes ke ajiye kwafin iPhone a MobileSync\Backup, wanda guda ɗaya kan iya cin gomman gigabayit. A irin wannan wurin WizTree ta fi amfani, domin Storage Sense na Windows ba ya shiga ya nuna maka su dalla-dalla.

Tana da sashen gano fayilolin da aka maimaita, amma suna da girma da kwanan wata take kwatantawa, ba abin da ke ciki ba, don haka a buɗe a duba kafin a share. TreeSize Free ta kamfanin JAM Software na Jamus ita ma tana aikin da kyau, sai dai wajen sauri da taswira WizTree muka fi ba wa maki.

Akwai abin da ba za ta iya gyarawa ba. Laftof 'yan gwanjo da yawa suna zuwa da faifan SSD mai GB 128, wadda Windows ke gani a matsayin GB 119, sannan a raba ta gida biyu, C da D. Windows 11 kaɗai tana neman aƙalla GB 64. A irin wannan hali, a mayar da Downloads da Videos zuwa D: danna dama a kan foldar, shiga Properties, sai Location, sai Move. Faɗaɗa C da Disk Management kuwa ba ya yiwuwa sai akwai fili mara rabo manne da shi ta dama, wanda ke nufin kwashe kayan D zuwa wani faifan a share ɓangaren tukuna.