Giranada: ɗan jagora na kanku ko bin ayari?

Hajiya, kin ce ku biyar ne za ku sauka Giranada ta ƙasar Sifaniya, ke da maigida da yara biyu da Inna, kwana biyu kacal gare ku, kina neman shawara ko ku ɗauki ɗan jagora na kanku ko ku bi ayarin 'yan yawon buɗe ido tunda ya fi sauƙin kuɗi. Na gwada duka biyun a zuwa daban-daban, bari in jera miki su.

Amma tikiti tukuna. Fadar Alhamra, wadda za ki ga an rubuta Alhambra a taswira, ba a zuwa ƙofarta a ce a ba ni biyar. Tikitin da sunan mai shi yake fita, ana duba fasfo a bakin shiga, kuma sashen fadojin sarakunan Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Giranada, yana da lokacin shiga da aka buga a jikin tikitin. Wanda ya makara ya yi asara. A lokacin hutu tikitin kan ƙare tun saura makonni. Kuɗinsa wajen Yuro 20 ne ga babba, yaran da ba su kai shekara 12 ba kyauta ne, amma su ma sai an cire musu nasu. Ko wace hanya kika zaɓa, ki fara tabbatar da wannan.

Ta fuskar kuɗi, ayari kuɗin kai ake biya, galibi har da tikiti a ciki. Ɗan jagora na kanku kuwa kuɗin lokacinsa yake karɓa, yawanci awa uku, ko ku biyu ne ko ku shida, tikiti daban. Mutum ɗaya ko mata da miji, ayari ya fi araha nesa ba kusa ba. Ku biyar kuwa, ki ninka kuɗin ayarin sau biyar ki ajiye kusa da na jagoran, za ki ga tazarar ba ta kai yadda kike tsoro ba.

Inda suka rabu da gaske shi ne tafiya. Zuwana na farko ayari na bi, mu fiye da ashirin, aka rataya wa kowa 'yar rediyo da abin sawa a kunne, jagorar tana gaba da tuta a hannu muna biye kamar 'yan makaranta. Ta san aikinta, ban raina mata ba. Sai dai agogo take bi, don wani ayarin yana jiranta da rana. Muka shiga zauren da Sarki Yusuf na Ɗaya yake karɓar jakadu, na ɗaga kai ina kallon rufin katakon nan mai guntaye sama da 8,000 da aka shirya su a siffar sammai bakwai. A ƙarƙashinsa na hango rubutu ya zagaye bango, na fara haɗa baƙi, ashe Tabaraka ce. Ban kai aya ta biyu ba sai na ji muryar jagorar tana shaƙewa a kunnena, alamar ayari ya yi nisa. Na bi su da sassarfa. Abin da ta ce game da rubutun bai wuce cewa ado ne na Larabci ba.

To ki duba, mu da muka yi allo, bangon Alhamra karatu ne a wurinmu. "Wa la galiba illallah", taken gidan Banu Nasr, yana nan ɗaruruwan wurare, yaranki ma za su gane shi da kansu su riƙa gasar nemo shi. Baitocin Ibn Zamrak, wazirin Sarki Muhammadu na Biyar, suna zagaye da bakin kwanon ruwan da zakoki 12 suke ɗauke da shi. Wanda zai iya karanta waɗannan tsayuwa yake bukata, ayari kuwa ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Ga kuma Inna. Daga fadojin zuwa ganuwar sojoji zuwa lambun Jannatul Arif tafiya ce ta kilomitoci, da matakala da hawa da gangara, in bazara ce ga rana mai dukan kai. Ɗan jagora na kanku zai zaunar da ita a inuwa ya ci gaba da ba ku labari, ya san inda banɗaki yake, ya san hanyar da ta fi ƙarancin matakala. A ayari ita za ta zama wadda ake waiwaye ana jira, kin kuwa san manyanmu ba sa son haka.

Sai dai ga inda zan saɓa wa abin da mutane suka saba faɗa. In kuɗinki na jagora sau ɗaya ne, ni ba a Alhamra zan ce ki kashe shi ba. Alhamra ba ta ɓuya. Hanyar cikinta a shate take, akwai na'urar sauraren bayani da ake haya, kuma da zarar kun shiga fadojin a kan lokacinku babu mai koro ku, kuna iya tafiyar hawainiya yadda Inna take so. Abin da ya ɓuya shi ne garin kansa, nan ne maganar da ɗan gari akan ci gari take da gindi.

Bayan Abu Abdullahi, sarkin ƙarshe, ya miƙa mabuɗan birnin ga Fardinan da Isabela, sarakunan Kiristoci na Sifaniya, ranar 2 ga Janairun 1492, ba komai aka rushe ba, da yawa riga aka sauya masa. A zuwana na biyu na ɗauki wani ɗan garin na awa uku. Muka tsaya daura da cocin da aka binne Fardinan da Isabela, gaban wani gini mai fenti irin na Turawan ƙarni na 18, wanda a zuwan farko na wuce shi ban ko kalle shi ba. Ya ce mu shiga. A ciki sai ga mihirabi da adonsa: makarantar da Yusuf na Ɗaya ya gina a 1349 ce, yanzu tana hannun jami'ar garin. Daga nan ya ratsa da ni wani lungu zuwa gidan da suke kira Koral del Karbon, masaukin fatake na ƙarni na 14, tsakar gida mai wurin shayar da dabbobi, ɗakunan kwana a sama, kaya a ƙasa. Zango ke nan, ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba. A saman ƙofar Ƙulhuwallahu ce a rubuce. A unguwar Albaisin da ke kan tudu ya nuna mini hasumiyar cocin San Hose ya ce in dubi tubalinta da kyau, hasumiyar kiran salla ce ta ƙarni na 11 aka ɗora mata ƙararrawa. Haka rijiyoyin tara ruwa da ke kusurwoyin unguwar, in ba a nuna maka ba sai ka ɗauka tagogin wani gida ne. Waya za ta kai ki ƙofar waɗannan wurare in kin san sunansu. Matsalar ita ce baƙo bai san abin da zai nema ba.

Akwai ayarin da ake kira na kyauta da ke zagaya waɗannan unguwanni, ba ruwansu da kuɗin shiga amma a ƙarshe kowa zai ba jagora abin da ya sawwaƙa. Ga matashi mai ƙafa ba laifi. Lungunan Albaisin duwatsu ne da hawa, ban ga Inna a cikinsu da saurin mutum talatin ba.

Ɗan jagora na kai ma ba duka ne na ƙwarai ba, tsada ba ta sa mutum ya san abu. Kafin ki biya ki tambaye shi ko yana da katin shaidar aikin daga gwamnatin yankin Andalus, masu lasisi a wuya suke rataye shi. Ki tambaye shi ko yana karanta Larabci, ko aƙalla ya san abin da ke rubuce a kowane zaure. Ki ji ko kuɗin da ya faɗa har da tikiti, da abin da zai faru in jirginku ya yi latti. Ni ina da wata 'yar jarrabawa da nake yi musu: in ambaci Abu Ishaƙ Assahili, ɗan Giranadan da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya bi shi Mali har ya rasu a Tambutu, ko Hasan Alwazzan, shi ma haifaffen garin, wanda ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir a ƙarni na 16. Wanda fuskarsa ta washe ya kama zancen, ki riƙe shi. Nawa ya san na biyun sarai, na farkon kuwa ni na ba shi labari, ya ciro takarda ya rubuta.

Sai cin abinci. A Giranada in ka sayi abin sha a kan haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, sau da yawa naman alade ne, ki gaya wa yara kada su kai hannu sai an tambaya. Layin Kaldereriya Nuweba da ke gindin Albaisin cike yake da shagunan shayi da abincin 'yan Maroko, can za ku fi sakin jiki.

Da ni ce zan shirya muku, ranar farko da sassafe Alhamra ku kaɗai, tikitin fadojin na farkon safiya kafin rana ta buɗe. Rana ta biyu jagora, ku fara daga makarantar Yusuf, ku ce masa ya sa Inna a ƙaramar bas ɗin da ke hawa Albaisin maimakon ƙafa, ku ƙare a babban masallacin da aka buɗe a 2003 kusa da dandalin San Nikolas. Lambunsa yana fuskantar Alhamra kai tsaye, tsaunukan Siyera Nebada suna bayanta, kuma babu cunkoson masu hoto irin na dandalin. In kun dace ranar Juma'a ce, ku gaya wa jagoran tun da wuri ya sallame ku kafin huɗuba.