Injin feshi mai caji na lita 16, da ranar da wutar daji ta zo mana bayan akurki

Salam jama'a. Tun watan jiya nake ta cewa zan rubuta wani abu kan injin feshin nan mai caji da na saya, sai yau Allah ya nufa. Wanda ake goyawa a baya nake nufi, mai cin lita 16, batir ɗinsa na ƙasan tanki, kuma yana da hannun famfo a gefe ko da caji ya ƙare. Ba zan kama sunan kamfani ba don gaskiya irinsu sun cika kasuwa, kala ne da rubutun jiki kawai ya bambanta.

Gidana a bakin gari yake a wani ƙauye wajen Saminaka, daga katangar baya sai gona sai daji, gamba da kyasuwa in sun bushe har sun fi yaro tsawo. Ina da kajin gida ba su kai 40 ba, sai salwa wajen 120 a keji mai hawa uku, irin ta ƙasar Japan ɗin nan da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta yaɗa a ƙasar nan. To ni dai da farko ba don wuta na sayi injin ba, don feshin akurki na saya, saboda duk mai kaji ya san abin da hunturu ke zuwa da shi, ga ƙwarƙwata ga ciwo, kuma tsohon famfona na hannu ya gaji, kafin ka gama fesa ɗaki ɗaya kafaɗarka ta sage. Kuɗin sabon ya kusa na buhu biyu na abincin kaji, na daɗe ina jujjuya abin kafin na cire kuɗin.

A aikin akurki ba ni da abin cewa sai alheri. Ka danna makunni kawai ka ji yana ta ƙugi, feshin na fita daidai ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, yana shiga lungunan keji da ƙasan katako inda ƙwari ke ɓuya. Kawunan feshi huɗu ya zo da su amma ɗaya ne nake ji da shi, na tagulla wanda in ka murɗa shi yake komawa daga feshi kamar hazo zuwa ruwa miƙaƙƙe mai tafiya wajen taku biyar ko shida. Wannan kan ku riƙe shi a rai don shi ne ya yi aikin da zan ba ku labari.

Ranar wata Talata ce cikin Janairu, bayan azahar, iskar nan ta arewa maso gabas tana kaɗawa da ƙarfi ga ƙura ta rufe sama. Ina cikin gida sai uwargida ta ce Malam ka ji ƙauri kuwa, kafin in amsa sai ga salwa sun fara bugun keji, su ne ma suka riga kowa ji. Na leƙa ta katanga sai na hango hayaƙi ya turnuƙe daga wajen fadama, ga ƙarar gamba tana fashewa tas tas kamar ana harbi. Daga baya aka ce yara ne masu neman gafiya suka cinna a bakin rami iska ta ƙwace musu, kuma duk shekara haka ake yi, in ba masu gafiya ba to mai share gona ne ko wanda ya yar da guntun taba.

Injin yana rataye da caji cike, tankin a wanke. Na cika shi da ruwan randa na goya, abu na farko da na yi shi ne jiƙa jinkar rumbu da dangar karan da ke gefen akurki, don wutar daji ba lallai sai harshenta ya taɓa gidanka ba, tartsatsi da guntayen ciyawa masu ci iska ke ɗaukowa ta watso maka daga nesa, su sauka kan jinka ko cikin buntun shinkafar da ka shimfiɗa wa kaji, kana can kana faɗa da ta gaba ta baya ta kama. Wallahi da idona na ga wani guntu ya sauka saman rumbu ya fara hayaƙi, wurin da hannu ba ya kaiwa kuma in ka watsa bokiti rabi a ƙasa zai zube, na murɗa kan tagullan nan na saita shi, cikin ɗan lokaci ya mutu. Sau uku aka yi haka, biyu a rumbu ɗaya a danga. Masarar da ke cikin rumbun nan ita ce abincinmu da na kajin har damina.

Amma fa dan Allah kar wani ya karanta wannan ya ɗauka injin feshi yana kashe wutar daji. Ba ya kashewa. Da na matsa kusa da inda take ci sosai ruwan ko isa bai yi ba zafi ya shanye shi, fuskata kamar za ta tsage, tiyon roba ya yi laushi a hannuna sai da na ja baya da sauri. Lita 16 a buɗe ba ta wuce min minti 10 zuwa 12 ba, ga nauyi, cike yana kusan kilo 20 a bayanka, in iska ta juya ba za ka iya gudu da shi ba. Maƙwabcina dattijo ne, shi ya daka min tsawa ya ce kai yaro dawo ta inda ta riga ta cinye, ba a tarar wuta ta gaba. Na ce to Baba, na koma gefe, maƙwabta suna bugu da ɗanyen reshen darbejiya ni ina bin bayansu ina kashe kututture da kashin shanu masu ci a hankali, waɗanda in ka bar su cikin dare iska za ta sake hura su. A nan ne injin ya fi amfani, ruwa kaɗan a daidai wurin da ake so.

Abin da ya tsayar da wutar a gaskiya shi ne sharar da muka yi tun Nuwamba. Ni da yarana biyu da fartanya muka kankare ciyawa tas har ƙasa, faɗin wajen mita 6 daga katanga, muka zagaye bayan gida da gefen akurki, ciyawar da muka tara muka ƙone ta da yamma lis bayan iska ta kwanta, maƙwabta na tsaye da ruwa. Karan dawa da harawa da a da nake jinginawa jikin akurki na kwashe su na kai tsakiyar fili nesa da komai. Da wutar ta iso bakin sharar nan sai ta rasa abin ci, ta kwanta ta bi gefe. Haka 'yan uwanmu na Nijar ke yi a yankunan makiyaya, ana share doguwar hanya mai faɗi cikin daji bayan damina don kar gobara ta cinye ciyawar dabbobi, har biyan mutane ake su yi aikin. Mu nan kowa sai ya yi ta kansa, kuma wanda bai yi ba ranar ya ga abin da ya gani, akwai wanda dangarsa da tarin harawarsa duk suka tafi, abin tausayi ƙwarai.

Salwa ce ta fi ba ni wahala. Mai kiwonta ya san halinta, in ta firgita sama take zabura kai tsaye ta bugi rufin keji da ka, uku na rasa a haka, wasu kuma hayaƙi ya sa suna buɗe baki suna haki don tsuntsu ba ya jure hayaƙi kamar mu. Uwargida ce ta yi dabara ta jiƙa buhunan algarara ta rufe gefen kejin da hayaƙin ke shigowa, ta bar ɗaya gefen a buɗe, ni kuma duk zagayen da na yi sai in ɗan fesa wa buhunan ruwa don kar su bushe. Kaji kuwa buɗe musu ƙofa muka yi suka shige tsakar gida. Ƙwai ya ragu sosai wajen mako guda kafin suka dawo daidai. Yanzu na liƙa soso a cikin rufin kejin, kuma na sa mai walda ya yi masa hannaye yadda mutum biyu za su iya ɗaga hawa ɗaya su shige da shi ɗaki.

Inda injin ya gaza kuma zan faɗa. Igiyar goyon siririya ce tana cin kafaɗa, ƙugiyarta ta roba ɗaya ta karye a wata na biyu sai da na ɗaure da waya. Agogon da ke nuna caji ba abin dogaro ba ne, zai nuna maka akwai saura sai ka ji ƙarfi ya faɗi, shi ya sa hannun famfon gefen yake da muhimmanci, kar ka sayi wanda babu shi ko da ya fi araha. Ruwan rijiya mai yashi yana toshe kan, sai ka tace da ƙyalle. Batirin kuma in ka ajiye shi wata da watanni ba caji zai mutu, mu da wutar lantarki ba kullum ba sai na riƙa kai shi wajen mai cajin waya mai sola duk sati biyu. Mai shagon da na saya ma bai ba ni robar hana yoyo ta canji ko ɗaya ba, sai da na koma kasuwa na nema.

Sai abu ɗaya da nake roƙon duk mai kaji, wanda ka zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwarin gona kar ka kawo shi akurki, kar kuma ka ce da shi za ka jiƙa rumbun abinci. Nawa na rubuta masa KAJI DA RUWA da fenti a jiki, na gona daban yake, ko aro aka zo ba na bayarwa.

In za a tambaye ni zan ba shi 7 cikin 10, kuma zan sake saya. Yanzu daga Disamba har ruwan farko ya sauka a cike da ruwa yake kwana a bakin zaure, kusa da duro biyu da fartanya da tsohuwar rigar auduga mai dogon hannu, don mai santsin nan narkewa take a jiki. Jinkar rumbu ce ta rage min, in Allah ya kai mu kaka na sayar da masara kwano zan sa mata.