Gargaɗi: mai tallar injin girbi a Tinkan ɗan damfara ne

Salamu alaikum 'yan uwa na Mile 12, Agege da Alaba Rago, musamman irina da ake kira daga gida a ce "tunda kana Legas, duba mana."

Yayana yana noman shinkafa a Kura. Tsohon injin girbinsa ya gaji, gangar sussuka ta lalace, ga shinkafa saura kwanaki ta nuna. Duk manomi ya san in ta wuce lokaci a gona zubewa take yi, tsuntsaye su kwashi rabonsu. Cikin wannan zullumi ya ga talla a Facebook: injin girbi Kubota DC-70, tokumbo, wai yana cikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Tinkan, mai shi ya kasa biyan kuɗin fito, Kwastam za ta yi gwanjonsa. Ya turo min lambar.

Mutumin Hausa yake ji kamar jakin Kano. "Alhaji, ya amfanin gona?" Abin da ya sa na saki jiki ke nan. Ya ce wani daga Kebbi yana hanya da kuɗi, in ba mu ba da kafin alƙalami ba injin ya tafi. Na tura naira miliyan 2, a asusun da ke ɗauke da sunan mutum, ba na kamfani ba. Na ga hakan da idona, na kuma tura.

Makanikin Yaya ne ya fara tsarguwa. Ya ce a tambaye shi ko injin zai yanki masara. Gogan ya ce shinkafa, alkama, masara, dukkansu da kan yanka ɗaya yake cinyewa. Makaniki ya yi dariya, ya ce kan yankan shinkafa daban, na masara daban, wanda ya taɓa sayar da injin ko sau ɗaya ba zai faɗi haka ba. Muka nemi hoton farantin da aka buga lambar injin a kai, da agogon da ke ƙirga awannin aiki. Ya turo hoto dishi-dishi. Muka ce ya ɗauki bidiyo yana tayar da shi, mu ji ƙararsa, mu ga sarƙar robar da yake tafiya a kai, don irin wannan ba taya gare shi ba, shi ya sa yake shiga taɓo, kuma canza sarƙar kuɗi ne mai nauyi. Ya ce an hana ɗaukar hoto a cikin tasha. To wancan hoton a ina aka ɗauka?

Na je Apapa, unguwar da tashar Tinkan take, da kaina. Daga hantsi har la'asar ina tsaye cikin hayaƙin tireloli, mutumin yana ce min yana ofis da oga. Daga baya ya ce sai an ƙara dubu 800 na kwanan kwantena. Na ce ya kawo takardar shigo da kayan, da lambar kwantenar, in kai wa wani ejan mai fito da kaya daga tasha da na sani. Waya ta mutu, har yau.

Ejan ɗin ne ya faɗa min abin da ya kamata in tambaya tun farko: Kwastam tana yin gwanjonta ne a shafinta na intanet, kuɗin kuma gwamnati ake biya, ba a tura wa wani a WhatsApp. Mai kamfani kuwa ana iya duba rajistarsa a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, kafin a ba shi ko sisi.

Na sanar da bankina a ranar, washegari na kai ƙorafi ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi, da rasit da duk saƙonninmu. Yaya ya ɗauki hayar injin wani maƙwabcinsa, ragowar aka sa lauje.

Jiya na sake ganin hoton nan dishi-dishi a wani shafi, da sabuwar lamba. Wannan karon wai injin yana tashar Apapa, ba ta Tinkan ba.