Kabon-14, OSL ko dalma-210: wanne ya kamata ka biya don sanin shekarun yashin kogi?

A wuraren da masu tifa suka yanke gangar Kogin Challawa ko ta Kogin Kano suna ɗibar yashi, ana ganin ƙasar hawa-hawa: tsakuwa a can ƙasa, yashi mai manyan ƙwayoyi a kanta, sai baƙar laka, sai wani yashin mai laushi. Tsakuwa sai ruwa mai ƙarfi ke iya kawo ta, laka kuwa sai ruwa ya kwanta take sauka. Ido zai gaya maka irin ruwan da ya wuce, amma ba zai gaya maka yaushe ba, kuma wannan amsar ce ake biya da dala a ɗakunan gwaji na waje.

Tambayar tana da nauyi a yankinmu. Kimanin shekara 21,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai, fari ya yi tsanani a nan, iska ta jera jigayin rairayi da har yau kogunan Haɗeja da Jama'are ke bi ta tsakaninsu. Daga wajen shekara 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, in ban da wani gajeren fari a tsakani, ruwa ya yalwata. Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai tudun yashin da ya ratsa Maiduguri da Bama, kimanin mita 40 sama da inda tafkin yake yanzu. Ruwan Challawa da na Kano can yake nufa ta Wudil da Haɗeja da Kogin Yobe. Yaushe kogunanmu suka zurfafa kwarinsu, yaushe suka cike shi da yashi? Ɗalibin digiri na biyu ko na uku a Jami'ar Bayero da ke neman wannan amsa yawanci kuɗin samfuri biyar ko shida ne a hannunsa, don haka ba shi da damar kuskure wajen zaɓe.

Kabon-14

Wannan ce hanyar da kowa ya fi ji. Duk abu mai rai yana shan kabon-14, wani nau'in kabon da ke lalacewa a hankali, daga iska, idan ya mutu sai kabon ɗin ya fara raguwa, rabinsa na tafiya a duk shekara 5,730. Tana aiki har zuwa wajen shekara 50,000. Da ita aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, a zurfin kusan mita 5. Alƙaluman da ɗakunan gwaji biyu na Jamus suka fitar sun kai wajen 7,300 da 7,700, amma da aka daidaita su da shekarun kalanda sai suka haura 8,000. A lura da wannan: lambar farko da za a aiko maka ba shekarun kalanda ba ce, sai an bi da ita ta ma'aunin daidaitawa, wanda ake amfani da shi yanzu shi ne IntCal20, kuma ana ƙirga shekarun ne daga 1950 zuwa baya.

Amfaninta a fili yake. Gawayi miligiram 10 zuwa 50 ya ishi yawancin ɗakunan gwaji masu na'urar AMS, wadda ke ƙirga ƙwayoyin kabon-14 kai tsaye, kuskuren awon bai cika wuce shekaru gommai ba, kuma kamfanonin kasuwa kan ba da sakamako cikin makonni. Ta fi OSL, hanyar da za mu zo kanta a gaba, araha a mafi yawan wurare.

Matsalarta ita ce ba yashin take aunawa ba, ranar mutuwar itacen take faɗa. Gawayin gobarar daji na iya kwanciya a tudu shekara dubu kafin ambaliya ta kwaso shi, don haka abin da za ka iya cewa kawai shi ne hawan bai girmi gawayin ba. Gawayin da gefensa ya mulmule ya sha tafiya, a bar shi. A nemi ƙwayar iri, ganye ko siririn reshe, domin tsakiyar babbar bishiya irin kuka na iya girmar bawonta da ɗaruruwan shekaru. Ga kuma gara, wadda ke saukar da ciyawar bana cikin ƙasar da ta shekara dubbai, da saiwoyin da ke ratsa ganga. Kashi 1 cikin 100 na sabon kabon ya isa ya sa samfuri mai shekara 40,000 ya fito kamar mai 33,000. Bawon katantanwa na da tasa illar, don yakan sha tsohon kabon daga ruwa ya nuna shekarun da suka wuce nasa. Sannan daga 1650 zuwa 1950 ma'aunin daidaitawa yana hawa da sauka, amsa ɗaya sai ta dace da lokuta uku. Mai neman ambaliyar zamanin Sarki Alwali ko Dabo kada ya dogara da ita.

A ɗauki samfuri da tsinken ƙarfe mai tsabta, a shanya shi a inuwa ya bushe sarai, a naɗe a takardar alminiyom, a sa a leda mai zif. Ba a sa shi a auduga ko takarda, kuma ɗanyen samfuri a leda fumfuna yake yi, fumfuna kuwa sabon kabon ce.

OSL, hanyar da ke auna yashin kansa

Gangar kogunan Kano yashi ne zalla a wurare da yawa, zafi da gara sun cinye duk abin da kabon-14 zai kama. A nan ne OSL ke shigowa, hanyar da aka ɓullo da ita a 1985. Tana faɗin ranar ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga hasken rana. Ka ɗauki ƙwayar kwaz, farin dutsen nan mai ƙyalli a cikin yashi, kamar randa da ruwa ke ɗiga a ciki. Ɗigon shi ne tururin nan marar ganuwa (radiyeshan) da yuraniyom da toriyom da fotashiyom na cikin ƙasa ke fitarwa, rana kuma ita ke zubar da randar. In an san abin da ya taru, an san yawan ɗigon a shekara, sai a raba. Girei shi ne ma'aunin tururin. Misali, girei 20 da aka tara a kan girei 2 duk shekara dubu, shekara 10,000 ke nan.

Tana kama daga shekaru ɗari ko ƙasa da haka zuwa sama da 100,000, kuskurenta kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Wato a yashi mai shekara 10,000 za a ce maka da ragi ko ƙarin 500 zuwa 1,000. In tambayarka ita ce ko wannan hawa na zamanin fari ne ko na zamanin ruwa, hakan ya wadatar. In kana son raba ambaliya biyu da ke da tazarar shekara 200 a wancan zamani, ba za ta iya ba.

Akwai abubuwa uku da suka shafi Kano musamman. Na farko, ruwan damina ja ne, mai kauri, wani lokaci da dare yake zuwa, don haka ƙwayoyi da yawa ana binne su ba su sha rana sosai ba, sai shekarun su fito fiye da gaskiya. Maganinsa shi ne a nemi awon ƙwaya ɗaya-ɗaya, ko na ƙananan rukuni, maimakon a auna dubbai a haɗe. Ya fi tsada, amma a yashin kogi mai ƙasa da shekara dubu biyu ko uku, wanda ya ƙi biyan wannan ƙarin ya yi asarar kuɗin duka. Na biyu, ƙasar Kano a kan tsohon dutse take, mai yawan fotashiyom, shi ya sa kwaz kan cika da wuri. Yakan ƙoshi a wajen girei 150 zuwa 200, don haka inda ake samun girei 4 a shekara dubu, iyakarka ba za ta wuce shekara 50,000 ba. Ana iya komawa ga ƙwayar felsfa, wani ma'adinin na cikin yashi, wadda ke ɗaukar fiye da haka, sai dai tana yoyon abin da ta tara, dole a yi mata gyaran lissafi. Na uku shi ne danshi. Ruwa na tare tururin, kuma kuskuren kashi 1 a ƙiyasin danshi na kawo kusan kashi 1 a shekaru. Gangar da ka tarar a bushe ƙayau a watan Maris tana jiƙe a Agusta, kuma ƙasa da madatsar Tiga ruwan da ake saki da rani ya canza danshin fadama tun 1974. A faɗa wa masu awon wannan a rubuce.

Yawancin asarar OSL a bakin kogi ake yin ta. A kankare fuskar ganga aƙalla santimita 20 zuwa 30 don cire abin da rana ta taɓa. A sami bututun ƙarfe, ko baƙin roba mai kauri, faɗin santimita 5, tsawon 20 zuwa 30. Farin fayif na masu aikin famfo haske na ratsa shi. A ɗora katako a bakinsa a buga da guduma har ya shige, a tabbatar ya cika maƙil, domin in da sarari yashin baki zai gauraya da na tsakiya a hanya. A toshe bakin biyu, a naɗe da baƙin salatif ninki da yawa, a yi alamar ɓangaren da ya shiga ciki. A zaɓi tsakiyar hawa mai kauri, santimita 30 nesa da laka ko tsakuwa ta sama da ta ƙasa, saboda tururin daga wannan tazarar yake zuwa. A guji ramin gara da saiwa. Sannan a ɗebi kamar giram 300 zuwa 500 na yashin da ke kewaye da ramin a leda biyu a ɗaure tam, a rubuta zurfi daga saman ƙasa, da lambobin GPS, da tsayin wurin.

Wannan yashi na leda ana iya auna yuraniyom da toriyom da fotashiyom ɗinsa a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a rage kuɗi. Amma a fara tambayar masu OSL ɗin ko za su karɓi alƙaluman wani wuri. Sakamako kan ɗauki watanni, wanda ke da ranar kare kundi ya tura da wuri.

In tambayar ta shekara ɗari ce

Mai son ganin sawun farin 1972 zuwa 1974, ko na 1983 da 1984, ko ambaliyar 1988 da ta fasa madatsar Bagauda, waɗancan biyun ba nasa ba ne. Dalma-210, wani nau'in dalma da ke saukowa daga iska ya shiga laka, mai raguwa da rabi a shekara 22.3, na kai shi shekara 100 zuwa 150 baya. Siziyom-137 kuma daga gwajin makaman nukiliya ya zo, ya fi yawa a hawan 1963, ko da yake wanda ya sauka a ƙasashen kusa da tsakiyar duniya kaɗan ne, dole a bar samfuri ya daɗe a na'ura. Dukansu laka mai laushi suke so, wadda ta kwanta a hankali ba a dama ta ba, a yanka ta santimita 1 ko 2. A yashi ba sa aiki. Kududdufan cikin birni ma ba su dace ba, an haƙa an zuba shara an sake haƙawa.

Madatsun ruwa na ba da alama kyauta: ƙasan lakar Tiga 1974 ne, na madatsar Challawa 1992. Binciken Farfesa Olofin na Jami'ar Bayero ya nuna yadda hanyar Kogin Kano ta tsuke bayan gina Tiga, laka ta rufe tsohon yashi. Wanda ya ga wannan lakar a saman ganga kada ya ɗora ta a kan sauyin yanayi.

Da kuɗin samfuri shida, shawararmu ita ce a tsaya a ganga ɗaya ko biyu da aka zana hawansu da kyau, maimakon a warwatsa ɗaya-ɗaya a wurare shida. A sa OSL huɗu a jere daga ƙasa zuwa sama, don in wani ya fito ya girmi na ƙarƙashinsa a gane da matsala. Sauran biyun a ba kabon-14, a hawa ɗaya da wani bututun OSL in an dace da iri ko ganye. In da hali, a ƙara samfurin yashin da ruwan bara ya ajiye: duk shekarun da ya nuna, su ne kimar abin da rana ta kasa gogewa a wannan kogin.

Kafin a biya, a tambaya ko farashin ya haɗa da wanke samfuri da awon tururin ƙasa, nawa za a caja in samfurin ya ƙi ba da amsa, da ko za a aiko da cikakkun alƙaluma ko lamba ɗaya kawai. Ƙasashe irin Amurka ba sa barin ƙasa ta shiga sai da takardar izini, wadda ɗakin gwajin ne zai aiko maka ka liƙa. In an haɗa da tsingaro ko wani kayan tarihi, sai an nemi izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. A jikin kwalin OSL kuma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a buɗe bututun a cikin haske, a sa lambar wayar mai karɓa, don daƙiƙoƙi kaɗan na rana sun isa su goge abin da kwaz ya tara.