Maƙalolin nazarin adabi da fim: wanne ya cancanci kuɗinka, wanne za ka samu kyauta?

Wanda ya shiga nazarin adabi, fim ko kafafen yaɗa labarai ba ya daɗewa zai gane cewa yawancin muhawarar fannin a maƙala ake yin ta. Maƙalar Laura Mulvey kan yadda kyamarar fim ke kallon mace da idon namiji ta fito a mujallar Screen a 1975, ba ta cika shafi ashirin ba, amma har gobe ana kai ruwa rana a kanta. Bayanin Stuart Hall kan yadda mai shirya saƙo ke ƙulla ma'ana, mai kallo kuma ya kwance ta yadda ya ga dama, ya fara ne a matsayin takardar cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Birmingham a 1973. Irin waɗannan rubuce-rubuce ana samun su ta ƙofofi da yawa, kuma sau tari abu ɗaya ne ake sayar maka a wata ƙofa, a wata kuma a miƙa maka kyauta. A ganina tsofaffin maƙalolin da aka gina fannin a kansu su ne suka cancanci a saye su a takarda. Sababbi kuwa, a fara neman su ta hanyar da ba ta cin aljihu.

Kundin tarin maƙaloli shi ne sayayya ta farko da zan ba ɗalibi shawara a kai. Edita ya zauna ya tsamo muhimman maƙaloli daga shekaru masu yawa, ya jera su, ya sa wa kowace gabatarwa. Misalin da aka fi sani a ɓangaren adabi shi ne kundin mazhabobin tarke na kamfanin Norton, wanda ya fara fitowa a 2001, aka sake shi a 2010 da 2018. Da yake abin da masanin Jamus Walter Benjamin ya rubuta a shekarun 1930 ko masanin Faransa Roland Barthes a shekarun 1960 ba ya canzawa, tsohon bugu na hannu zai yi maka kusan duk aikin da sabo zai yi. Bambancin yana wutsiyar littafin ne, inda ake ƙara sababbin marubuta a sauke wasu. In malaminka ya ce lallai bugu kaza, to ka bi, don lambobin shafi su dace da na aji.

Sai dai ka buɗe littafin kafin ka biya. Duba tsakiyar maƙala, ka nemi ɗigo uku a cikin baka, ko 'yan taurari a tsakanin sakin layi. Alamar yanka ke nan. Wasu editocin, don su cusa marubuta sittin a littafi guda, sukan datse maƙala su bar rabinta, su kuma share bayanan ƙasan shafi. Ga mai shirin jarrabawa ba laifi. Ga mai rubuta kundin digiri kuwa haɗari ne, domin yakan jingina wa marubuci ra'ayi alhali a sakin layin da aka yanke marubucin ya yi togaciya. Abu na biyu, in maƙalar fassara ce daga Faransanci ko Jamusanci, duba sunan mai fassara. Maƙalar Benjamin kan fasaha a zamanin injin kwafi tana da siga fiye da ɗaya tun daga hannunsa, fassarorinta ma ba ɗaya ba ne. Littafin da bai faɗa maka wacce ya ɗauko ba, editansa bai yi aikinsa ba.

Kada a haɗa wannan da littattafan jagora irin jerin da maɗaba'un Cambridge, Oxford da Routledge ke fitarwa. Su sababbin babi-babi ne da aka ba masana su rubuta kan marubuci ɗaya ko maudu'i ɗaya. Suna da kyau wajen nuna maka inda muhawara ta kwana, kuma jerin manazartarsu kaɗai yakan rage maka wahalar makonni. Amma suna tsufa da wuri, musamman a ɓangaren kafafen yaɗa labarai: jagorar da aka rubuta kafin YouTube ya bayyana a 2005 tana magana ne kan wata duniya daban. Ga tsada, in mai kauri ne da bango mai tauri, don ɗakunan karatu ake yi wa farashin. Aro ya fi saye a nan, ka karanta babi biyun da suka shafe ka ka mayar.

A intanet, sunaye biyu za ka fi ji. JSTOR, rumbun mujallun ilimi, ya fara aiki a 1995 da tallafin gidauniyar Mellon a Amurka, kuma ƙarfinsa tsofaffin fitowa ne, tun daga fitowar farko ta mujalla. Mujallar nazarin adabi ta PMLA da ke cikinsa, alal misali, tun 1884 take fitowa. Raunin JSTOR shi ne mujallu da yawa suna da shinge: fitowar shekaru uku zuwa biyar na baya-bayan nan ba ta shiga sai lokacinta ya yi. Mutum na iya buɗe asusu kyauta ya karanta a allo, kuma a 2020 an ɗaga adadin zuwa maƙala 100 a wata. Akwai rijistar kuɗi mai suna JPASS da ke ba da damar sauke adadi ƙayyadadde. Ban ga dalilin biyanta ba sai ga wanda ya ƙure na kyautar, ko wanda intanet ɗinsa ba ya zama, dole sai ya sauke ya ajiye. Rumbu na biyu, Project MUSE, na Jami'ar Johns Hopkins, shi ma 1995 ya fara, kuma ya fi ƙarfi a sababbin fitowar mujallun da maɗaba'un jami'o'i ke bugawa. Galibi ta ɗakin karatun jami'a ake shigarsa, don haka ka tambayi ma'aikacin laburare tukuna.

Ɗalibin adabi zai ƙoshi da waɗannan biyun. Ɗalibin kafafen yaɗa labarai ba lallai ba, domin manyan mujallun fanninsa da dama suna hannun kamfanoni irin SAGE da Taylor & Francis, a shafukansu. A nan ne ake cin karo da tayin sayen maƙala guda. Shi ne mafi munin ciniki a duk jerin nan, cinikin biri a sama: tsakure kawai aka nuna maka, sai ka biya ka tarar sakin layi biyu ne suka taɓa abin da kake nema. Wani tayin ma haya ce ta kwana ɗaya ko biyu. Kafin ka kai ga haka, sa taken maƙalar a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, ka duba sauran sigoginta, domin marubuta da yawa suna ajiye kwafi a rumbun jami'arsu. Wannan kwafin yakan zama na kafin a tsara shafuka, saboda haka lambobinsa ba za su dace da na mujalla ba. In ba a samu ba, rubuta wa marubucin gajeren saƙo. Ba ya samun ko sisi daga cinikin maƙalar, kuma da yawansu murna suke yi an nemi aikinsu.

Mujallun da ke buɗe ga kowa sun yawaita. DOAJ, wanda aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jeri ne na waɗanda aka tantance, kuma Open Library of Humanities tun 2015 take buga mujallun adabi da fim ba tare da karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu ba. A cikin na kyautan akwai na bogi, masu buga komai in an biya su. Mujallar da ke alƙawarin tantance maƙala cikin 'yan kwanaki, ko take haɗa adabi da injiniyanci a fitowa ɗaya, ka wuce ta.

Masu nazarin fim suna da wata damuwa ta daban, wato hoto. Maƙalar da ke bayanin launi da haske a wani fage, in hotunanta sun fito baƙi-ƙirin a bugu mai araha, rabin hujjarta ta tafi. Duba hotunan kafin ka saya. Shi ya sa ma wasu masana suka koma yin maƙala da bidiyo, kuma tun 2014 akwai mujallar [in]Transition da ke tantance irinsu, kyauta ake kallo. Mujallun fim irin Sight and Sound da Cahiers du Cinéma suna da daɗin karatu kuma suna kaifafa ido, amma sharhin 'yan jarida ne, ba su bi ta hannun masu tantancewa ba, don haka ka san gurbin da za ka sa su a aikinka.

Shafukan da ke sayar da maƙalar da aka riga aka rubuta don ɗalibi ya miƙa da sunansa ba sa cikin lissafi. Ostareliya ta haramta sana'ar a 2020, Ingila ta bi a 2022, jami'o'i kuma hukunta mai saye suke yi, har da kora.