Shekara biyu ina sayar da atamfa ta WhatsApp Business

Ina sarar atamfa da leshi da shadda a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, ina sayarwa daga gida, kuma shekara biyu ke nan da na bar WhatsApp na kowa da kowa na koma WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a shekarar 2018 domin masu ƙananan sana'o'i. Sauke manhajar kyauta ne, kuma da na mayar da lambata kanta tsofaffin hirarrakina sun biyo ni.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kundin kaya, inda nake sanya hoton kowane turmi da sunansa da farashinsa. A da, idan mace ta ce in turo mata abin da ke ƙasa, sai in zauna ina tura hotuna talatin ɗaya bayan ɗaya, data na ƙarewa, daga ƙarshe ta ce za ta yi shawara da maigida. Yanzu kundin kawai nake tura mata, ta duba a lokacin da ta ga dama, kuma yawancin waɗanda suke dawowa sun riga sun zaɓa, abin da ya rage shi ne tambayar nan da ba ta ƙarewa, wato nawa ne ƙarshe. Amsoshin da ake ajiyewa ma sun rage mini wahala, domin lambar asusu da bayanin yadda muke aika kaya ta mota zuwa Kaduna ko Katsina ko Maraɗi ba sai na sake rubuta su kullum ba. Akwai kuma alamomi masu launi da nake liƙa wa kowace hira, wannan ta biya, wannan tana jiran kaya, wannan bashi ake binta, kuma a lokacin sallah da lokacin haɗa lefe su ne suka hana ni rikicewa.

Sai dai na daɗe ina yin wani kuskure da ya kamata mai farawa ya sani. Na ɗauka cewa idan ina ɗora kaya a sitatus safe da yamma baƙi za su riƙa zuwa, alhali sitatus ba ya zuwa sai ga wanda na ajiye lambarsa shi ma ya ajiye tawa, kuma bayan awa 24 yana ɓacewa. Saƙon bai ɗaya da ake aika wa mutane har 256 shi ma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambata ba. Watanni na yi ina yi wa 'yan uwa da ƙawayen makaranta talla, mutanen da sun riga sun san sana'ata, wasu ma sai su karɓi kaya su ce sai ƙarshen wata.

Da na gane haka sai na raba aikin biyu. Facebook da Instagram su ne bakin titi, a can nake sanya gajeren bidiyon turmi a buɗe cikin hasken rana, domin hasken ƙwan lantarki yana sauya launi, mai saye kuma ba ta yafe wannan. A ƙarƙashin kowane bidiyo akwai mahaɗin da zai kawo mutum kai tsaye cikin hirata, kuma saƙon maraba da ke fita da kansa yana roƙonsa ya ajiye lambar. Daga nan ne masu kallon sitatus ɗina suka fara zama mutanen da ban taɓa gani da ido ba.

Kuɗi kuwa ba ta cikin manhajar ake biya a nan Najeriya ba, ta banki ake turowa, kuma sau ɗaya wata ta turo mini hoton shaidar biya ta bogi na saki leshi biyu kafin in duba asusu. Laifina ne, kuma tun ranar ba na ba direba kaya sai na ga kuɗin da idona. Ga mai sana'ar da ke da masu saye ko da ashirin ne, ina ba shi shawarar ya koma wannan manhaja yau, amma ya ware mata lamba dabam da ta zumunci, domin ni da ban yi haka ba har yanzu saƙon maraba na kasuwanci yakan fita ga surukata idan ta yi sati biyu ba ta yi mini magana ba.